Zaren da Na Ɗaura a Cibiyar Ummi

Da sunan Allah mai jinƙai nake fara wannan bayani. Roƙona ga duk macen da ta karanta shi, ko aka karanta mata, ta kai shi kunnen ungozomar unguwarsu.

Sunana Dije. A Kademi aka haife ni, a nan na yi aure, a nan mijina ya rasu ya bar ni da 'ya'ya. Ungozomanci a wajen kakata na gaje shi. A wajenmu mace ita kaɗai take haihuwarta a ɗaki, sai yaro ya faɗo a aiko a kira ni, in yanke cibiya, in wanke jariri, in binne mabiyiya, in dafa wa mai jego ruwan wanka. Abin da aka san ni da shi kuwa ɗauri ne. Yaran da suka bi ta hannuna ba sa yin cibi, domin nakan matse zare can gindi, dab da fatar ciki, in yanke gajere. Har daga Balan akan aiko a ɗauke ni saboda haka. Ina jin daɗi in an faɗa, ba zan ɓoye ba.

Rakiya ita ce 'yata ta uku. A Ajingi take aure, wajen Malam Habu, manomi mai koyar da karatun allo a zauren mahaifinsa. Da cikinta na fari ya tsufa aka dawo da ita gida ta haihu a wajena, kamar yadda aka saba. Shekarar da aka canza kuɗi ce, aka bar fam da sule aka koma naira, kuma tsakiyar bazara, zafi har ƙasa ba ta takuwa da rana.

Ranar Talata da hantsi ta sauka lafiya, 'ya mace, jawur, mai gashi. Na wanke hannu na ɗauko zare da sabuwar reza na durƙusa. Da na ɗaga cibiyar sai na ga gindinta ya kumbura kamar ƙwan zabuwa, akwai wani abu mai duhu-duhu a ciki. Na danna da yatsa ya shige, na saki ya dawo. A raina na ce, wannan cibi ne yake shirin fitowa, kuma ba a jikata ba. Na danne shi da babban yatsa, na ga ya ragu, na zagaya zare sau uku na ja da ƙarfi, na yanke.

Jariri ba ya jin ɗaurin cibiya, duk ungozoma ta san wannan. Amma yarinyar nan da na ja zaren sai ta ƙanƙame, ta saki wata ƙara da ban taɓa ji ba. Na lura. Na ce sanyin hannuna ne.

Kwana biyun farko ta kama nono sosai, ta yi baƙin kashin nan na jarirai. A rana ta uku tumbuɗinta ya fara yawa, ya koma kore-kore, cikinta ya ɗaure kamar ganga. Ba ta barci, ba ta barin uwarta ta yi. Ina gasa mata cibiya da tsumma mai ɗumi safe da yamma, ina cewa Rakiya kumburin ciki ne, kowane yaro yana yi. A rana ta biyar wajen ya fara wari. A ta shida cibiyar ta faɗi, cikin ya sace, yarinya ta yi barci mai nauyi. Kowa a gidan ya yi hamdala. Sai dai wajen bai bushe ba, wani ruwa rawaya yana ɓata zanin da muka naɗe ta da shi.

Ranar suna mutanen Ajingi suka zo da rago, da mahaifiyar Malam Habu, Iya Kande, a gabansu. Aka raɗa wa yarinya Hadiza, sunana ke nan. Malam Habu ne ya zaɓa, don ya girmama ni. Tun da Rakiya ba za ta iya kiran sunan uwarta ba, sai ta ce Ummi, kowa ya bi.

Bayan an yanka rago aka kawo mini kayan ciki in wanke, don aikina ne a kowane suna. Na zauna bayan ɗaki da ƙwarya, na kama ƙaramin hanji ina tatsewa. Abin da ya fito daga cikinsa na tsaya ina kallo. Launinsa da kaurinsa, har da warinsa, duk irin na zanin Ummi ne. Na ajiye hanjin, na wanke hannu, na shiga ɗaki na karɓi yarinyar kamar zan gyara mata ɗauri. Na juya wa matan ɗakin baya, na buɗe zanin, na ɗan danna gefen cikin. Ruwan ya ɓulɓulo, da 'yar iska a tare da shi.

A nan na san abin da na ɗaure ranar Talata ba cibi ba ne.

Ɗakin cike yake da mata, ana ta rabon goro da tuwo. Wata daga cikin baƙin Ajingi tana cewa ai Rakiya ta yi sa'a, uwarta ce ungozomar da ake labari. Iya Kande ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Dije, wannan danshin fa?"

Na rufe zanin na ce, "Ruwan cibiya ne. Zai bushe."

Iya Kande ta zauna tare da mu bayan suna don ta taya ni wankan jego. A mako na biyu kowa ya zama mai magani. Wata ta ce a kwaɓa toka da man shanu a toshe wajen, muka toshe, ruwan ya ture shi. Wata ta kawo garin gawayi. Wanzamin garinmu ya duba ya ce maruru ne ya fashe daga ciki, ya ba da saiwa a jiƙa. Mahaifin Malam Habu ya aiko da rubutu, muna ɗiga mata a baki da tsinken auduga. Wasu suka fara raɗa cewa Rakiya ta yi yawon almuru da ciki, ta taka abin da ba a takawa. Ina jin ana ɗora wa 'yata laifi, ban kare ta ba.

Ruwan nan ashe yana ci kamar kanwa. Fatar da ke kewaye da cibiyar ta yi ja, ta saɓule, har zuwa cinyoyi. In muka zo goge mata sai ta yi ta kuka har muryarta ta dushe. Ta ƙasa kuma sai ta yini ba ta ɓata tsumma ba. Tana shan nono kamar mai yunwar shekara, amma hannuwanta suna ƙanƙancewa, maɗigarta ta faɗa.

Ranar Juma'a Malam Habu ya zo a kan keke. Suruki ba ya shiga ɗakin surukarsa, sai ya durƙusa a bakin ƙofa, ni ina ciki, asabari a tsakaninmu. Bayan gaisuwa ya ce, "Inna, na ce ko za a kai ta Gaya a duba."

Iya Kande ta riga ni. Ta ce, "Mai jego ta fita ko sati biyu ba ta yi ba? In ta bar wanka sanyi ya shige ta, ka rasa uwa ka rasa 'ya. Ga wadda ta san aikin nan a zaune, tambaye ta."

Ya ce, "Inna, me kika gani?"

Da na ce a tafi, a ranar za a tafi. Amma na san in an je za a tambayi wanda ya yanke cibiya, kuma maganar za ta riga mu dawowa Kademi. Na kuma gaya wa kaina ƙila Allah Ya sa ramin ya rufe da kansa, tun da na sha ganin gyambo ya warke. Na ce, "A ƙara kwana biyu a gani, Malam."

Ya ce to, ya hau kekensa ya koma.

Kwana biyun suka zama huɗu. Rakiya ce ta yanke maganar. Ta gama ba ta nono da safe, ba a jima ba ta buɗe zanin, ta ga gudajin madara fari-fari a cikin ruwan. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Inna, nonon da na ba ta ne yake fitowa." Ba ta jira amsata ba. Ta goya 'yarta, ta yafa mayafi, ta tsaya a tsakar gida ta ce ko da ƙafa za ta tafi. Yarinyar da ba ta taɓa ɗaga murya a gabana ba. Aka aika Ajingi, Malam Habu ya same mu a hanya. Ita a kan jakin maƙwabci, ni a ƙasa ina riƙe da ƙwaryar tsummoki.

A asibitin sha-ka-tafi na Gaya wani dattijon malamin asibiti muka samu. Allah Ya saka masa da alheri duk inda yake. Bai yi mana faɗa ba. Ya duba, ya shafa mata maganin nan mai shuɗi a gefe, ya rubuta takarda ya ba Malam Habu ya ce, "Wannan ya fi ƙarfina. Ku wuce Kano, motar farko da kuka samu." Motar farko sai washegari, wata lori mai ɗauke da buhunan hatsi. A kan buhu muka zauna, rana tana dukanmu, ina kare Ummi da faifai har muka haye gadar Wudil muka shiga birni.

Ban taɓa ganin taro irin na babban asibitin nan ba, ko a kasuwa. Mun isa bayan azahar, an rufe tagar yankan kati. Muka kwana a gindin wata darbejiya tare da wasu irinmu. Washegari Malam Habu ya shiga layi tun da asuba, bai sami kati ba sai da rana ta take. Daga nan aka ce mu bi wani layin. Da muka kai gaba aka ce wannan na manya ne, na yara yana can baya, kuma likitan yara ya tashi. Takardar dattijon Gaya tana hannunmu, babu wanda ya yarda ya buɗe ta. Sai a rana ta uku wata nas mai jiki ta zo wucewa, warin ya tsayar da ita. Ta ɗaga zanin, ta dube mu ta ce, "Ku mutanen ƙauye ba kwa kawo yaro sai ya kusa kabari." Ta fizge Ummi daga hannun Rakiya ta yi ciki da ita da sauri, muka bi ta a baya. Maganarta ta yi mini zafi, amma ita ce ta shigar da mu. Har yau ina yi mata addu'a, ban kuma manta zagin ba.

Aka kwantar da Ummi gado ɗaya da wani yaro da ke murmurewa daga ƙyanda. Aka aske mata gefen kai aka soka allurar ƙarin ruwa a nan, don ba a sami jijiya a hannunta ba.

Likitan saurayi ne, Bayarabe amma haihuwar Kano, Hausarsa tas. Ya daɗe yana duba cibiyar da 'yar fitila. Sannan ya kira mu ukun gefe, ya ce, "Wa ya yanke cibiyar nan?"

Malam Habu ya sunkuyar da kai ya ce, "Wata ungozoma ce a ƙauye."

Na ce, "Ni ce, likita. Ni ce kuma kakarta."

Ya dube ni, ya jawo kujera ya ce in zauna. Ya tambaye ni yadda na ga cibiyar, na faɗa masa komai, ƙwan zabuwar da dannawar da ƙarar da ta yi. Sai ya juya bayan katin ya zana wani abu kamar wake, da igiya tana fita daga tsakiyarsa.

Ya ce, "Iya, wannan ɗa ne a cikin uwa, yana wata na biyu, bai fi ɗan yatsanki ba. A lokacin hanjinsa yana tsawo da sauri, cikinsa kuwa ƙarami ne, hanta ta cinye wajen. To sai hanjin ya fita ya shiga cikin igiyar cibiya ya zauna, yana girma a can, yana naɗewa. Wajen wata na uku, in ciki ya yi faɗi, sai ya koma, ya juya ya kwanta a mazauninsa, ƙofar ta tsuke a bayansa."

Na ce, "Wane irin ɗa ne wannan?"

Ya ce, "Kowane ɗa. Ni ma haka na yi, ke ma haka kika yi. Duk yaran da kika yanke wa cibiya sai da hanjinsu ya fita ya dawo. Ita wannan, wani ɗan lanƙwasa ne bai gama komawa gida ba. Shi kika gani. Zaren ya kama gefensa, wajen ya mutu, ya faɗi tare da cibiyar, ya bar ƙofa a buɗe."

Bai gama komawa gida ba. Yadda ya faɗa ke nan, kuma haka maganar ta zauna mini. Na yi shekaru ina riƙe cibiyoyi a hannuna, ban taɓa sanin hanya ce da hanji ya taɓa bi ba.

Ya ce ba kasafai ake samun haka ba, kuma ko a asibiti wanda bai sani ba yana iya yin abin da na yi. Ya ce aikin ɗinke hanjin ba shi ne matsala ba. Matsalar ita ce yarinyar ta rame ƙwarai, abincinta yana zubewa kafin jiki ya sha, in aka sa mata wuƙa yanzu ba za ta tashi ba. Sai an yi ƙoƙari ta ɗan yi ƙarfi.

Ban san abin da ya sa na yi tambayar ba. Na ce, "Da a ce ranar suna na kawo ta fa?"

Ya ce, "Da ta fi haka ƙarfi nesa. Amma ai ba ki sani ba a lokacin."

Rakiya tana tsaye a bayana. Na ji ta ja numfashi, ta koma wajen gadon. Da yamma muna wanke tsummoki a famfo ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Inna, me ya sa kika ce ranar suna?"

Na faɗa mata. Hanjin ragon, da iskar da ta fito, da abin da na ce wa Iya Kande, da abin da na ce wa mijinta ranar Juma'a. Ta ci gaba da cuɗa tsumman da ke hannunta har ta gama, ta matse, ta shanya. Ta ce, "Kada Malam ya ji." Ta tafi. Tun daga ranar maganarmu ta koma ta aiki kawai: miƙo wannan, riƙe mini ita, ruwa ya yi zafi.

Mako na huɗu da na biyar a jira muka yi su. Nas ɗin nan mai faɗa ita ta koya mini yadda zan shafa wani farin man shafawa mai kauri a kewayen ramin don kada ruwan ya taɓa fata, da yadda zan naɗa auduga in canza ta da zarar ta jiƙe. A yini nakan canza fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Fatar ta fara warkewa, wannan kam na gani da idona. Amma duk safiya in an ɗora Ummi a kan sikeli, sai nas ta rubuta, nauyin kuwa bai ƙaru ba. Da ta kasa tsotso aka zura mata siririyar roba ta hanci, Rakiya tana tatsar nono a kofi ana ɗura mata. Fuskarta ta koma ta tsohuwa, idanu manya. Ta daina kuka, sai dai ta buɗe baki.

Ƙafafun Rakiya suka kumbura. Iya Kande ta aiko da saƙo cewa ga abin da ta faɗa nan. Wata mai sharar asibitin, Laraba, Bazazzagiya, ta ga ina neman inda zan dafa ruwa, ta kawo mini tukunya daga gidanta, ta nuna mini wani lungu bayan ɗakin wanki inda masu gadi ba sa zuwa. A nan na kafa murhu, ina tsinto itace, ina yi wa Rakiya wanka da ganyen darbejiya. Takan juya mini baya in yi ta fyaɗa mata ruwan. Laraba ba ta taɓa karɓar ko goro a hannuna ba.

Gado da likita kyauta ne, amma rabin maganin sai a rubuta a ce a sayo a kanti, ga abinci, ga mota. Ni sabon kuɗin ma ban gane shi ba, sai in buɗe hannu mai kanti ya ɗauki abin da ya ga dama. Na aika aka sayar da akuyata da tasoshin da na gada. Malam Habu yana kai da kawowa tsakanin Ajingi da Kano. Ruwan farko ya sauka muna can, kowa ya fita shuka, shi kuwa irin gyaɗar da ya ajiye ya riga ya kai shi kasuwa. Da aka ce ana buƙatar jini, 'yan'uwansa suka ce wanda aka ɗebi jininsa ba ya ƙara noma. Ya nannaɗe hannun riga ya ba da. Kullum in ya zo sai ya durƙusa ya gaishe ni ya ce, "Inna, sannu da ɗawainiya." Wannan gaisuwar ta fi mini zagin nas ciwo.

Da likita ya ga jira ba ya ƙara mata komai, ya ce gara a yi aikin. Aka sa rana, aka hana ta nono tun safe, muka zauna har la'asar, sannan aka ce tulun iskar da ake sa wa marar lafiya ya ƙare. Aka sake sa rana, aka sake hana ta nono, aka ce mai sa marar lafiya barci kafin aiki bai zo ba. Yarinyar da ake ƙirga kowane cokali da ya shiga cikinta, aka yi mata yinin yunwa biyu a banza. Likitan da kansa na ji shi yana faɗa da wani a baranda. Wannan ban yafe ba tukuna, ko da yake ban san wanda zan riƙe ba.

A asibiti Rakiya ta yi arba'in. Kwana biyu bayan haka aka shiga da Ummi. Da aka fito likita ya ce ya yanke wajen da ya lalace, ya haɗa baki da baki, ya rufe cibiyar. A rana ta uku da hantsi Rakiya ta buɗe tsumma ta ga kashi, ɗan kaɗan, ta inda Allah Ya tsara. Ta ɗaga shi tana nuna wa matan ɗakin, tana dariya tana hawaye. Ta juyo ta ce, "Inna, kin gani?" Rabon da ta kira ni don wani abu ba aiki ba, tun ranar famfo.

A rana ta biyar jikin Ummi ya yi zafi, cikin ya sake ɗaurewa. A ta shida ɗinkin ya fara buɗewa daga gefe, ruwan nan rawaya ya dawo. Likita ya ce naman ba shi da ƙarfin da zai riƙe zare. Ya ƙara allurai, ya zo dubawa sau uku a yini. Washegari Talata da safe, ana rabon koko, tana hannuna ina canza mata auduga, na ga ƙirjinta ya ɗaga ya sauka bai sake ɗagawa ba. Na jira. Na sa kunne. Sannan na shafe mata ido, na kira Rakiya.

Kwananta arba'in da tara a duniya.

Direbobi ba sa son ɗaukar gawa, ga zafi. A Kano aka binne ta. Ni na yi mata wanka a lungun nan na Laraba, da tukunyarta. Malam Habu ya ɗauke ta a hannu cikin ƙyalle, shi da wasu maza biyu masu jinya da ba mu ko san sunansu ba, suka tafi maƙabarta. Ni da Rakiya ba mu san inda kabarin yake ba. A lori muna komowa nono ya jiƙa mata riga sharkaf, na cire mayafina na ba ta, ta karɓa.

A Kademi kowa ya ce kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne, ban yi jayayya da hukuncin Allah ba. Amma na san abin da hannuna ya yi da abin da bakina ya ƙi yi. Na ajiye reza shekara guda. Duk wanda ya aiko sai in ce ba ni da lafiya. Da na gaji da wannan ƙaryar ma, na tara matan unguwarmu a gidan wani suna na faɗa musu komai, har hanjin ragon. Wasu sun daina kirana daga ranar. Malam Habu ya ji daga bakin mutane, ya zo ya durƙusa a inda ya saba, ya ce ya yafe, Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Iya Kande ba ta sake taka gidana ba har ta rasu.

Na koma aiki daga baya, don ba a daina haihuwa ba. Ga abin da nake so kowace ungozoma ta riƙe. Kafin ki ɗaura zare, ki ɗaga cibiyar wajen haske, ki bi ta da yatsu tun daga fatar ciki. In kin ga gindinta ya yi kauri, ko akwai wani abu a ciki mai shiga yana fita, kada ki danna, kada ki gasa. Ki bar tsawon tafin hannu, ko fiye, ki ɗaure can nesa, ki rufe da tsumma mai tsabta, a tafi asibiti a ranar, da wankan jego ko babu. Cibi ba ya kisa. In kuma kin riga kin yi kuskure, kin ga kore a tumbuɗi ko ƙazanta a cibiya, ki faɗa tun ɗakin yana cike da mutane. Yanzu yaran da nake yanke wa cibiya da yawansu suna da cibi, mata suna yi mini tsiya cewa hannuna ya tsufa. Nakan bar su.

Rakiya ta haifi shida bayan Ummi, duk suna raye. A Ajingi ta haife su, wata ungozoma ce ta yanke musu. Ba ta taɓa gaya mini magana marar daɗi ba, tana zuwa gaishe ni, tana aiko mini da hatsi duk kaka. Amma in ta haihu, saƙo ba ya iso ni sai cibiya ta faɗi. Nakan tafi da garin kunu da sabulu, in zauna a bakin gado, a miƙo mini jaririn. Nakan buɗe zanin in duba wajen, ba na iya hana kaina. Ita kuma sai ta juya ta dubi bango har in gama in rufe.